Sifiri Ya Tafi Turai: Ma'anoni Biyar na Kalmar Cipher

 

Ya kai ɗalibi mai karatu, da ku iyaye da kuke leƙa wannan mujalla idan yara sun kawo ta gida, filinmu na lugga a wannan fitowa zai tsaya ne a kan kalma ɗaya tak ta Ingilishi. Ana rubuta ta cipher, wasu kuma su rubuta cypher, a baki kuwa sai ka ji an ce "saifa". Idan ka tambayi wanda ya yi boko ma'anarta zai ce maka rubutun sirri ne, wato saƙon da aka birkita haruffansa don kada kowa ya gane sai wanda aka aika wa. Ya yi gaskiya, amma bai ƙare ba. Buɗe babban ƙamus na Ingilishi ka duba, za ka tarar an jera wa kalmar nan ma'anoni har biyar, kuma rubutun sirri ba shi ne na farko ba. Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne asalinta Larabci ne, kuma kai kanka kana faɗarta da Hausa duk ranar da aka yi darasin lissafi.

ASALIN KALMAR

Kalmar ta fito daga sifr ta Larabci, mai haruffa uku: sadun, fa'un da ra'un. Ita ce muka ara muka mayar da ita sifiri. Tun kafin a san ta a lissafi, Larabawa suna amfani da ita da ma'anar abin da babu komai a cikinsa, wato wofi ko fanko. Gidan da mutanensa suka tashi, ko tukunyar da aka kwashe abincinta, duk ana iya siffanta su da ita. Wanda ya je neman wani abu ya komo bai samu ba, sai su ce ya dawo sifrul yadaini, wato hannu Rabbana kamar yadda mu muke cewa. Kalmar ta zo da wannan ma'ana a hadisin Salmanul Farisi (RA) da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito game da hannayen mai addu'a, inda ake nuna ba a mayar da su wofi. Wasu malaman lugga ma sun ce daga nan watan Safar ya samu sunansa, domin a cikinsa gidajen Larabawa kan zama babu kowa idan maza sun fita tafiye-tafiye da yaƙe-yaƙe.

To yaya aka yi kalmar wofi ta shiga lissafi? Masana lissafi na ƙasar Indiya su ne suka tsara ƙidaya da alamomi tara, sannan suka ƙara wata alama ta goma don riƙe gurbin da babu komai. Suna kiran wannan alama shunya, ma'ana wofi. Wani malaminsu mai suna Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin aiki da ita a shekarar 628 Miladiyya. Da wannan ilimi ya iso Bagadaza zamanin Abbasiyawa, sai malamai suka fassara shunya da kalmarsu ta sifr. Babban wanda ya yaɗa shi shi ne Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Baitul Hikma zamanin Halifa Ma'amun, kuma ya rubuta littafi a kan lissafin Indiya wajen shekarar 825. Asalin Larabcin littafin ya ɓata, amma fassararsa ta Latin ta wanzu, ita ce kuma Turawa suka yi ta karantawa.

MA'ANA TA FARKO: SIFIRI

Kafin nan Turawa suna ƙidaya ne da haruffan Rumawa, irin waɗanda kake gani a fuskar wasu agogo. Babu sifiri a cikinsu. Idan kana son rubuta 1888 sai ka jera haruffa goma sha uku: MDCCCLXXXVIII. Gwada ka ninka wannan sau 27 a kan takarda ka ga wahala. Shi ya sa 'yan kasuwarsu sukan yi lissafi da tsakuwoyi a kan allo, sai sun gama su rubuta amsar.

Fa'idar sifiri ita ce tsare gurbi. Dubi 25 da 205 da 2005. Biyu da biyar ne a kowanne, amma sifiri shi ya nuna maka cewa biyun farko ashirin ce, ta biyu ɗari biyu, ta uku dubu biyu. Da babu shi, da mai bin bashin 2005 da mai bin 25 sun rubuta abu ɗaya.

Ta hanya biyu kalmar ta shiga Turai. Ta farko ita ce Andalus, musamman birnin Ɗulaiɗila da Turawa ke kira Toledo, inda aka yi ta fassara littattafan Larabci zuwa Latin a ƙarni na 12. A Latin ɗin wancan zamani sifr ta koma cifra. Ta biyu kuwa ta hannun wani Ba'italiye ne mai suna Leonardo, mutumin birnin Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci. Mahaifinsa ya yi aiki a Bijaya, wani gari a bakin teku cikin ƙasar Aljeriya ta yau, a can yaron ya koyi lissafi da alƙaluman Larabawa. A shekarar 1202 ya fitar da littafinsa Liber Abaci, inda ya rubuta kalmar da zephirum. Italiyawa suka mayar da ita zefiro, daga baya suka taƙaita ta ta zama zero.

Ka ga ke nan uwa ɗaya ta haifi 'ya'ya biyu a Ingilishi. Cipher ce babba, ta shiga harshen wajen ƙarshen ƙarni na 14 da ma'anar sifiri. Zero ƙanwa ce, ba ta iso ba sai wajen shekarar 1600. A hankali ƙanwar ta karɓe aikin lissafi, yayar kuma ta kama wasu sana'o'i. Saboda haka idan ka ci karo da cipher a tsohon littafin Ingilishi ana maganar ƙidaya, to sifiri ake nufi.

MA'ANA TA BIYU: ALƘALUMA DA YIN LISSAFI

Sifiri shi ne baƙon da ya fi ɗaukar hankali a cikin sababbin alamomin, don haka sai sunansa ya game sauran tara ɗin. Kowace lamba daga 0 zuwa 9 sai aka koma kiranta da wannan suna. Har gobe haka abin yake a wasu harsunan. 'Yan'uwanmu ɗalibai na Jamhuriyar Nijar sun san chiffre ta Faransanci, wadda ke nufin alƙalamin ƙidaya. Jamusawa kuma Ziffer suke cewa. Duk jikokin sifr ne.

A Ingilishi ma an yi fi'ili da kalmar. A da, idan aka ce yaro ya iya ciphering, ana nufin ya iya tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa. A makarantun Ingila da Amurka na ƙarni na 18 da na 19 ɗalibi yakan riƙe wani littafi da ake kira ciphering book, wanda yake kwafe ƙa'idojin lissafi da misalai a cikinsa da hannunsa. Wannan ma'ana ta tsufa yanzu, sai a tsofaffin littattafai za ka gan ta.

Kada ka ɗauka an karɓi alƙaluman nan hannu bibbiyu. A shekarar 1299 ƙungiyar 'yan canji ta birnin Florence a Italiya ta hana 'ya'yanta rubuta lissafin kuɗi da su a littattafan ajiya. Dalilin da aka fi kawowa shi ne tsoron algus, domin mugu yana iya ja wa 0 wutsiya ta koma 6 ko 9. Wannan ɗari-ɗari da mutane suka yi da sababbin alamomi zai taimake mu in mun zo ma'ana ta biyar.

MA'ANA TA UKU: MUTUMIN DA BA A LISSAFI DA SHI

Tun ƙarni na 16 Turawan Ingila suke kiran mutum cipher idan yana zaune a wuri amma ba shi da ta cewa. Alal misali sarkin da fadawansa ke juya shi yadda suka ga dama, ko shugaban kwamitin da ba a neman shawararsa sai sa hannunsa. Da Hausa sai mu ce ɗan amshin Shata, ko kuma hoto ne kawai. Hikimar kwatancin ita ce sifiri yana cika gurbi amma shi kaɗai ba ya ƙara komai.

Larabawan zamani suna da irin wannan magana. Sukan ce wane sifrun alash shimal ne, wato sifiri a hagu. Rubuta 05 ka gani, biyar ce dai ba ta ƙaru ba. Amma mayar da sifirin nan dama, ka rubuta 50, nan take biyar ta zama hamsin. Sifirin bai canza ba, wurin zamansa aka canza.

Wani lokaci kuma marubutan yau sukan ce mutum cipher ne suna nufin an kasa gane cikinsa, kamar rufaffen saƙo. A nan ma'ana ta uku ta cuɗanya da ta biyar, sai ka duba jimlar da kyau kafin ka fassara.

MA'ANA TA HUƊU: TAMBARIN HARUFFA

Akwai wata al'ada ta ɗaukar haruffan farko na sunan mutum a sarƙa su da juna su zama tambari. Wannan ma cipher ake kiransa, kuma a nan an fi rubuta shi da y, wato cypher. Sarakunan Ingila kowanne yana da nasa. Na Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wadda ta yi mulki daga 1952 zuwa 2022, shi ne E II R da kambi a sama, ana ganinsa a jikin akwatunan gidan waya da takardun gwamnati. Da ɗanta Sarki Charles na Uku ya hau a 2022 sai aka fitar da nasa, C da R da III. Harafin R yana tsaye ne a madadin kalmar Latin mai nufin sarki ko sarauniya. Babu wani sirri a nan, hatimi ne kawai da ke nuna mai abu.

MA'ANA TA BIYAR: RUBUTUN SIRRI

Yanzu mun zo ga ma'anar da ta fi shahara, wadda ta bayyana a Ingilishi a farkon ƙarni na 16. Masana sun kawo dalilai biyu na yadda sifiri ya koma sirri. Na ɗaya, masu ɓoye saƙo a fadojin Italiya da Faransa sun riƙa sa lambobi a madadin haruffa, sai aka ce sun rubuta wasiƙa da alƙaluma. Na biyu, talakawan Turai sun daɗe suna kallon alƙaluman Larabawa kamar wasu alamomi da ba mai gane su sai masana. Ko ma wanne ne, sunan ya bi rubutun ya zauna.

A wannan babi kalmar tana iya nufin hanyar da aka bi aka birkita saƙon, tana iya nufin shi kansa birkitaccen saƙon, wani lokaci kuma mabuɗin da ake warware shi da shi. Warwarewar ita ce decipher. Ana ma faɗar wannan ga duk rubutu mai wuyar karantawa, kamar yadda Bafaranshe Champollion ya gano karatun rubutun Fir'aunonin Masar a 1822 da taimakon dutsen da aka tsinta a garin Rashid a 1799.

Hanyoyin birkita saƙo gida biyu ne. Akwai sauya wa haruffa wuri, akwai kuma musanya su da wasu. Na farko ka san shi tun a zaure, domin shi ne wani nau'i na zaurance, inda ake juya gaɓoɓin kalma a ce dagi maimakon gida. Haruffan suna nan, zamansu ne ya canza. Na biyu kuwa shahararren misalinsa shi ne na Yuliyas Kaisar, jagoran Rumawa da aka kashe shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Masu tarihi sun ce idan zai aika saƙon sirri yakan tsallake harafi uku. Mu gwada da haruffan boko 26 kamar yadda ake jera su daga A zuwa Z. A za ta zama D, B ta zama E, C ta zama F, haka har ƙarshe, idan an kai Z a zagayo farko. Da wannan hanya KANO sai ta koma NDQR, MALAM kuma PDODP. Mabuɗin shi ne uku. Wanda ya san haka sai ya ja kowane harafi baya sau uku, saƙo ya fito.

A kula da wani bambanci da mutane kan rikita. Akwai wata kalmar Ingilishi, code, wadda ake cuɗa ta da cipher a maganar yau da kullum, amma a wurin masu fannin ba ɗaya suke ba. Cipher tana aiki a kan haruffa ɗaya bayan ɗaya bisa wata ƙa'ida. Code kuwa tana musanya kalma sukutum ko jimla da wata alama da aka yi yarjejeniya a kanta, kamar 'yan kasuwa biyu su shirya cewa idan an ce "baƙo ya sauka" ana nufin kaya sun iso. Mai wannan hanya dole ya riƙe littafin da aka jera kalmomin da ma'anoninsu, in littafin ya faɗa hannun abokin gaba shi ke nan. Sannan ba kowace code ce ta sirri ba. Ta Morse da aka yi amfani da ita a wayar tangaraho kowa yana iya koyonta.

MU MA MUNA DA NAMU

Malamanmu na da sun san musanya haruffa da lambobi ta hanyar hisabin abajada. Alifun ɗaya ne, ba'un biyu, jimun uku, dalun huɗu, haka har ya'un goma, sannan a shiga gomomi da ɗaruruwa. Marubuta waƙoƙin ajami sukan ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin wata kalma a baitocin ƙarshe, wannan shi ake kira ramzi. Misali, shekarar hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu ita ce 1218 bayan Hijira, daidai da 1804. In za a rubuta ta da haruffa sai a kawo shinun 1000, ra'un 200, ya'un 10, da ha'un irin ta kalmar hamdu, 8. Tara su ka gani. Amma a lura, wannan lissafin mutanen Magrib ne, wanda shi ƙasarmu ta bi. A lissafin mutanen Gabas shinun 300 ne, gainun ne 1000. Wanda ya warware ramzin malamin ƙasar Hausa da lissafin Gabas zai ɓata da shekaru ɗari bakwai. Ka kuma lura cewa babu sifiri a abajada, domin kowane harafi yana ɗauke da adadinsa duk inda ya zauna.

WANDA YA FARA KOYAR DA FASA SIRRI

Larabawa ba su kira wannan fanni da sifr ba. Sunansa a wurinsu ta'amiya, wato makantarwa, saƙon da aka ɓoye kuma mu'amma. Tsohon littafin da ya iso gare mu wanda ya bayyana yadda ake fasa irin wannan rubutu ba tare da mabuɗi ba, shi ne na Abu Yusuf Ya'aƙub bin Ishaƙ al-Kindi, wanda aka haifa a Kufa wajen 801 ya rasu a Bagadaza wajen 873. Sunan littafin Risala fi Istikhrajil Mu'amma. An gano kwafinsa a ɗakin karatu na Sulaimaniyya a Istanbul, aka buga shi a Dimashƙa a 1987.

Dabarar al-Kindi mai sauƙin faɗa ce. Kowane harshe yana da haruffan da suka fi yawan zuwa. A Larabci alifun da lamun ne kan gaba, saboda yawan al a farkon kalmomi. To idan an musanya haruffa da alamomi, yawan bai canza ba, riga kawai aka sauya. Sai ka ƙirga alamomin saƙon, wadda ta fi yawa ka zata ita ce harafin da ya fi yawa a harshen, ka bi da ta biyu da ta uku, kana gwadawa har kalmomi su fara fitowa.

Mu gwada da Hausa. A rubutun boko babu harafin da ya kai A yawa. Ga saƙo:

XFSSZ XFSSZ GF YF MFSF EZBF

Ƙirga. F ta zo sau 7, S sau 5, Z sau 3. Tunda F ce kan gaba, mu ɗauka ita ce A. Daga A zuwa F tsallake biyar ne, to mabuɗin biyar ke nan. Ja kowane harafi baya sau biyar: X ta zama S, F ta zama A, S ta zama N, Z ta zama U. Kalmar farko SANNU. Ci gaba da sauran za ka samu karin maganar nan, sannu sannu ba ta hana zuwa. Ba wanda ya ba ka mabuɗi, ƙirga ce ta fitar da shi.

Bayan al-Kindi wasu sun ɗora, kamar Ibnud Duraihim mutumin Mausil a ƙarni na 14. Daga aikinsa ne al-Ƙalƙashandi na Masar ya ɗebo babin rubutun sirri a cikin littafinsa Subhul A'asha, wanda ya kammala a 1412 don koyar da magatakardan fada.

ABIN DA FASA SIRRI YA JAWO

Kada ka ɗauka wasan yara ne, an rasa rayuka a kansa. Sarauniya Mary ta Scotland tana tsare a Ingila a 1586 lokacin da wasu suka ƙulla makircin kashe Sarauniya Elizabeth ta Farko su ɗora ta. Wasiƙun da take musaya da su an rubuta su da alamomin sirri, ana ɓoye su a cikin gangar giya. Ba ta sani ba ashe kowace wasiƙa sai ta bi ta hannun mutanen Francis Walsingham, shugaban leƙen asirin Elizabeth, wani ma'aikacinsa Thomas Phelippes yana warware su. Da wasiƙun nan aka kafa mata hujja, aka sare kanta a watan Fabrairu na 1587. Amincewar da ta yi da rufin ita ta sa ta rubuta abin da ba za ta taɓa rubutawa a fili ba.

A watan Janairu na 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ministan harkokin wajen Jamus Arthur Zimmermann ya aika saƙon tangaraho yana neman Meksiko ta haɗa kai da Jamus a kan Amurka. An rufe saƙon da lambobi masu wakiltar kalmomi, wato irin code ɗin da muka ambata. Turawan Ingila suka tare shi suka warware, suka miƙa wa Amurka. Wannan yana cikin abubuwan da suka sa Amurka ta shiga yaƙin a watan Afrilu na shekarar.

Masu ɓoyewa su ma ba su zauna ba. Tun wajen 1467 wani Ba'italiye, Leon Battista Alberti, ya kawo dabarar canza mabuɗi a tsakiyar saƙo, ta yadda A za ta fito yanzu a matsayin D, an jima ta fito a matsayin wani harafin, ƙirga ta rikice. Wannan tunani shi ya kai ga na'urar Enigma da sojojin Jamus suka dogara da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, wadda take canza musanyar duk lokacin da aka danna harafi. Duk da haka an fasa ta. Wani masanin lissafi ɗan Poland, Marian Rejewski, shi ya fara gano cikinta a 1932, sannan Alan Turing da abokan aikinsa suka ɗora a Bletchley Park a Ingila.

SIRRIN DA KE ALJIHUNKA

A yau ba sarakuna da sojoji kaɗai ke aiki da cipher ba. Duk lokacin da Baba ya tura kuɗi ta waya, ko Mama ta sa kati a na'urar cirar kuɗi, ana birkita bayanin kafin ya bar na'urar. Tun 2016 WhatsApp ya rufe saƙonnin masu amfani da shi ta yadda wayar mai aikawa da ta mai karɓa kaɗai ke riƙe da mabuɗi. Ita kuwa kwamfuta duk wannan aiki da alƙaluma biyu take yinsa, 0 da 1. Ga sifiri ya sake dawowa. Larabawan yau ma suna kiran wannan aiki tashfir, rufin kuma shifra, kuma masana da yawa suna ganin kalmarsu ce ta sifr ta je Turai ta komo musu da sabuwar riga.

A nan ne nake son iyaye su saurara. Rufin da bankuna ke amfani da shi yanzu ya fi ƙarfin ƙirgar al-Kindi nesa ba kusa ba, ɗan damfara ba ya ko gwada fasa shi. Abin da yake yi shi ne ya roƙi mabuɗin daga hannunka. Zai bugo waya ya ce daga banki yake, an rufe asusunka, ka karanto masa lambobin da aka turo maka yanzu, ko ka faɗi lambar sirrin katinka. Da ka faɗa, ka buɗe masa ƙofa da hannunka. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri. Kada a rubuta ta a bayan kati, kada a zaɓi 1234 ko shekarar haihuwa, kada kuma a ba yaro ita don an aike shi cirar kuɗi a bar ta haka ba a canza ba. Ku ɗalibai, ku karanta wa kakanninku wannan sakin layi, domin su aka fi bugo wa.

AIKIN GIDA

Na ɗaya, rubuta ma'anoni biyar na cipher a littafinka ba tare da ka duba ba, kowace da misali guda.

Na biyu, rubuta shekarar haihuwarka ta Hijira da haruffan abajada bisa lissafin Magrib. Nemi taimakon malamin Larabci ko wani dattijo da ya yi karatun zaure.

Na uku, ga wata karin magana an rufe ta da hanyar Kaisar, amma mabuɗin ba uku ba ne, ba kuma biyar ba. Ƙirga haruffan kamar yadda muka yi a sama:

PEFEVMR DYGMCE E XEQFECM JYWOE

Wanda ya warware, namiji ko mace, ya rubuta amsar da mabuɗin da sunansa da ajinsa a takarda, ya miƙa wa malamin ajinsu. Za mu buga amsar tare da sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.